Daga Zaure Zuwa Ofis: Nazarin Ayyukan Ƙungiyoyin Jinƙai ga Marasa Galihu a Biranen Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ayyukan ƙungiyoyin jinƙai masu zaman kansu, waɗanda ba don neman riba aka kafa su ba, a biranen ƙasar Hausa, musamman Kano. Manufarta ita ce gano yadda ƙungiyoyin suke fahimtar mutanen da suke yi wa hidima, da inda fahimtar tasu ta dace da ta Bahaushe, da kuma inda ta saɓa. An bi hanyar ƙalailaice ma'anar kalmomi da bitar ayyukan masana tarihi da zamantakewa. Maƙalar ta gano cewa a tunanin Bahaushe rashin gida yana farawa ne daga rashin mutane kafin ya kai ga rashin ɗaki, kuma tsarin taimako na gargajiya a kan dangantaka ya ginu. Ta kuma gano cewa aron rabe-raben mabuƙata daga wasu al'ummu ya sa ana ɗora wa almajiri sunan da ba nasa ba, ana kuma tsallake waɗanda suka fi shi rashin matsuguni.

Fitilun kalmomi: jinƙai, gata, gida, almajiri, zakka, wakafi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Rahoton ya nuna talaucin ya fi tsanani a karkara (kashi 72) a kan birane (kashi 42). Duk da haka, birni ne mafakar wanda karkara ta gaza riƙewa, kuma a birni ne talauci yake fitowa fili: a tasha, a bakin kasuwa, a ƙarƙashin gada da cikin kangaye.

Domin rage wannan raɗaɗi, ƙungiyoyi masu yawa sun tashi tsaye, daga na addini zuwa gidauniyoyin attajirai da masu samun kuɗi daga ƙasashen waje. An yi rubuce-rubuce a kansu a fagen tattalin arziki da kimiyyar siyasa, amma akwai tambayar da ta fi dacewa da manazarcin Hausa: da wace kalma ake kiran wanda za a taimaka, kuma mene ne kalmar take haifarwa? Tambayar tana da nauyi, domin sunan da aka ba mutum a takardar aiki shi yake yanke hukuncin ko za a ciyar da shi, ko a koya masa sana'a, ko kuwa a sa shi a mota a mayar da shi garinsu.

2.0 Kalmomin Bayarwa da na Buƙata

Hausa ba ta tara nau'o'in taimako a kalma ɗaya ba. Agaji ɗauki ne na gaggawa ga wanda gobara ko ambaliya ko haɗari ya rutsa da shi, kuma yana ƙarewa da wucewar musibar. Gudummawa tana tsakanin tsara da tsara ne, ana bayarwa a biki ko suna da sanin cewa wata rana za a rama. Sadaka ana yin ta domin lada, ba a jiran sakayya daga wanda aka ba. Zakka kuwa haƙƙi ce da shari'a ta ƙayyade wa adadi da masu karɓa. Jinƙai shi ne tausayin da yake motsa zuciya kafin hannu ya miƙa.

Kalmar tallafi ta fi sauran ban sha'awa. A tsohuwar ma'anarta, kamar yadda take a labarin rayuwar Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954, tallafi shi ne ɗaukar ɗan wani a riƙe shi har a aurar da shi. A yau kalmar ta koma nufin kuɗi ko kayan da ake rabawa sau ɗaya, kamar tallafin man fetur ko tallafin karatu. Wannan sauyin ma'ana ya taƙaita tarihin da maƙalar take bibiya: abin da yake ɗawainiya ce ta shekaru ya zama rabo na yini guda.

Ta ɓangaren masu buƙata ma akwai rabe-rabe. Talaka a asali kishiyar basarake ne, yana iya mallakar gona da rumbu. Matalauci shi ne wanda dukiya ta yi wa ƙaranci. Fakiri da miskini daga fiƙihu suka shigo, kuma a mazhabar Malikiyya fakiri yana da abin da ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai. Gajiyayye ƙarfinsa ne ya ƙare. A ƙasan dukkansu akwai maras gata ko maras galihu, wato wanda ba shi da mai tsaya masa. Mutum yana iya zama matalauci amma ɗan gata, muddin yana da dangi ko maigida. Wannan ya yi daidai da abin da John Iliffe ya bayyana a littafinsa na 1987 kan tarihin talakawan Afirka, cewa a zamanin da ƙasar noma take a yalwace, mafi talaucin mutane su ne waɗanda ba su da ƙarfin yin aiki kuma ba su da dangin da za su ɗauke su.

Haka ita ma kalmar gida. Tana nufin gini, tana nufin iyali, tana nufin zuri'a. Ana cewa wane ɗan gidan wane ne alhali ba a nan aka haife shi ba, ba kuma a nan yake kwana ba. Saboda haka wanda yake kwana a zauren maigidansa Bahaushe ba zai ce ba shi da gida ba.

3.0 Tsarin Taimako Kafin Zuwan Ƙungiyoyi

Birnin Bahaushe ya daɗe yana karɓar baƙi, kuma ya tanadi hanyoyin saukar su. Ta farko ita ce zaure. Zauren mai hali masaukin matafiyi ne, makarantar allo ce, wurin fito da tuwon dare ne ga duk wanda ya zo. Ta biyu ita ce dangantakar maigida da yaronsa. Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan wadda aka kafa a 1916, ya nuna yadda masu gidaje suke saukar da fataken shanu da goro, su ciyar da su, su tsaya musu a ciniki, su kuma riƙe samari masu yi musu hidima har su tsaya da ƙafafunsu. Irin wannan tsari ne ya riƙe zango-zangon Hausawa a Kumasi da sauran garuruwan Kurmi.

Hanya ta uku ita ce tsangaya. Kalmar almajiri daga Larabci take, ma'anarta wanda ya yi ƙaura, kuma ɗalibin yana hawa matakai daga ƙolo zuwa titibiri zuwa gardi. Ciyar da shi nauyi ne da unguwa ta ɗauka, kuma sau da yawa yana da uwar ɗaki a wani gida wadda yake yi wa aike tana ajiye masa abinci. Ta huɗu ita ce riƙo, inda maraya ko ɗan mai ƙaramin ƙarfi yake tashi a hannun gwaggo ko kawu, bisa ƙa'idar cewa ɗa na kowa ne. Ta biyar ita ce sarautun naƙasassu, irin su Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda suke tsara zaman mutanensu da wakiltarsu a fada. Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a 1824, ya ambaci unguwar da aka keɓe wa makafi a cikin birnin.

A saman waɗannan akwai zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas na masu cin ta, cikinsu har da wanda bashi ya yi wa katutu da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Ana fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari na kuɗi, da ɗaya bisa goma na amfanin gonar damina, da ɗaya bisa ashirin na wanda aka shayar da wahala.

Bai kamata a yi wa wannan tsari kwalliyar da ba tasa ba. Ya rayu tare da bauta, yana fifita mai biyayya, kuma yakan karye a lokacin yunwa. Abin lura a nan shi ne siffarsa: mai bayarwa ya san mai karɓa, kuma dangantakar tana ɗorewa.

4.0 Abubuwan da Suka Raunana Tsarin

Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Turawa sun narkar da zakkar hatsi cikin haraji, baitulmali kuma ya zama taskar gudanar da mulkin En'e. A shekarun 1930 aka bai wa 'yan mishan damar gudanar da wuraren jinyar kutare, kamar Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Wannan ne karo na farko da jama'a da dama suka ga taimako a matsayin aikin wata ma'aikata mai rajista da ma'aikata, kuma tun daga nan aka fara tambayar manufar da take bayan taimakon baƙo.

Farin 1972 zuwa 1974 da na tsakiyar shekarun 1980 sun koro dubban mutane daga karkara. Kuɗin man fetur ya sa filaye da hatsi suka yi tsada, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rage ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa. Paul Lubeck ya nuna yadda gardawa, waɗanda a da suke samun rufin asiri da ɗinkin hula da ƙananan sana'o'i, suka tsinci kansu a gefe cikin sabon tattalin arzikin Kano. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980, wanda ya ci rayuka sama da 4,000, ya ƙara sa hukuma da masu hali suka fara kallon almajiri da idon tsoro.

Ginin gida ma ya sauya. Gidan zamani yana da katanga da get da maigadi, ba shi da zaure. A unguwanni irin su Kurna da Rimin Kebe da Dorayi, iyalai da yawa suna zaune ne a ɗakunan haya da ake biya shekara-shekara. Mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida ba shi da wurin saukar baƙo, kuma tuwon da bai ishi gida ba ba ya kaiwa ƙofa.

5.0 Ire-iren Ƙungiyoyin Jinƙai a Yau

Ana iya kasa masu wannan aiki gida huɗu. Kashi na farko ƙungiyoyin addini ne, kamar Jama'atu Nasril Islam (1962) da Fityanul Islam (1963) da Izala (1978), waɗanda suke da rundunonin 'yan agaji, suna kuma tara taimakon marayu musamman a wuraren tafsirin azumi. A cikinsu akwai Tarayyar Ƙungiyoyin Mata Musulmi ta Nijeriya, FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 ƙarƙashin jagorancin Hajiya Aisha Lemu, mai gudanar da makarantu da asibitoci da gidajen marayu. Majami'u ma suna da nasu makarantu da asibitoci a unguwanni irin su Sabon Gari.

Kashi na biyu gidauniyoyin attajirai ne, kamar Gidauniyar Aliko Ɗangote da aka yi wa rajista a 1994. Waɗannan ci gaban al'adar zauren mai hali ne, sai dai an sa mata ofis da ma'aikata. Kashi na uku ƙungiyoyin unguwa ne da na 'yan gari ɗaya mazauna birni, masu tara kuɗi domin jinya da jana'iza da gyaran magudanar ruwa. Su ne suka fi kusa da jama'a, su ne kuma suka fi ƙarancin kuɗi. Kashi na huɗu su ne masu aiki da kuɗin ƙasashen waje, waɗanda suke da ƙwararru da tsarin rahoto, amma aikinsu yana da wa'adin da mai ba da kuɗi ya yanka.

A gefe guda akwai hukumomin zakka da jihohi suka kafa bayan dawo da shari'a, kamar Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano (2003) da takwarorinta a Zamfara da Sakkwato. Na gwamnati ne, amma da dukiyar jama'a suke aiki. Ta fuskar doka kuwa, ƙungiya mai zaman kanta tana yin rajistar amintattunta ne a Hukumar Rajistar Kamfanoni, ƙarƙashin dokar da aka sabunta a 2020.

6.0 Inda Gizo Yake Saƙa

6.1 Matsalar Suna

A shekarun 1980 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yaɗa wani rabo da ya samo asali daga biranen Kudancin Amurka, wanda ya bambanta yaron da yake nema a titi ya koma gida da dare da yaron da titi ne gidansa. Almajiri bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun sosai ba. Iyayensa suna raye a ƙauye, su suka kai shi, yana da malami da makwanci da lokutan karatu. Matsalarsa yunwa ce da cunkoso da rashin magani da rashin ilimin da kasuwar aiki take nema. Hannah Hoechner, a littafinta na 2018 da ya ginu kan zama da almajirai a Kano, ta nuna cewa talaucin iyaye da lalacewar makarantun gwamnati a karkara suna cikin manyan dalilan tura yara, kuma wulaƙancin da yaran suke sha yana ci musu rai matuƙa. Fim ɗin Duniya Juyi Juyi (2011), wanda wasu almajiran Kano suka shirya da kansu, wannan ƙorafi ya ɗauko.

Da aka laƙaba wa almajiri sunan yaron titi, sai maganin ya zama kawar da shi daga titi. Kano ta yi dokar hana bara a 2013, ta sake jaddada hanin a farkon 2020. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. An kwashe yara a motoci daga jiha zuwa jiha, wasu kuma aka same su ɗauke da cutar bayan isarsu. Da aka sassauta kulle, almajirai suka sake cika tituna, domin abin da ya fito da su daga ƙauye yana nan. Makarantun tsangaya na zamani sama da 150 da Gwamnatin Tarayya ta gina, waɗanda aka fara buɗewa a Gagi ta Sakkwato a 2012, su ma da yawansu sun lalace saboda an gina su ba tare da an ɗaure su da malaman da iyaye suka amince da su ba.

A ɗaya hannun, waɗanda suka rasa makwanci da gaske ba su da suna a takardun aiki. Akwai ɗan ci-rani mai tura baro ko ga-ruwa da yake kwana a rumfar kasuwa. Akwai yaron da ya gudu daga malami bai koma gida ba, ya faɗa bola-jari ko daba. Akwai bazawarar da aka saka da 'ya'ya, gidan iyayenta kuma ba wuri. Akwai waɗanda rikicin Borno ko na Zamfara ya koro suna zaune a kangaye, da masu taɓin hankali. Waɗannan su ne marasa gata a ma'anar Bahaushe, domin igiyar da ta haɗa su da mutane ce ta tsinke.

6.2 Matsalar Lokaci

Mafi yawan bayarwa tana taruwa ne a watan azumi da lokutan salla. Kuɗin haya da na magani da na makaranta kuwa ba su san wata ba. Iyalin da aka ba buhun shinkafa a azumi ana iya fitar musu da kaya waje bayan wata uku. Ayyukan da ake yi da kuɗin waje su ma sukan ƙare cikin shekara biyu ko uku, alhali renon yaro ɗan shekara bakwai har ya kama sana'a yana cin shekara goma ko fiye. Wakafi ne ya kamata ya cike wannan giɓi, tunda asalinsa yana tsayawa ana cin amfaninsa, amma a ƙasar Hausa an fi saninsa a masallaci da rijiya da maƙabarta, ba a cika yin sa a kadarar da take kawo kuɗin shiga ba.

6.3 Matsalar Amana

Bahaushe ya fi son ya miƙa zakkarsa hannu da hannu ga wanda ya sani, shi ya sa abin da hukumomi suke tarawa bai kai ƙarfin dukiyar da take biranen ba. Ƙungiyar waje kuma tana fuskantar zargin ɓoyayyar manufa, kamar yadda ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ya nuna. Akwai kuma al'adar ɗaukar hoton mai karɓa a watsa a Facebook. Mai ba da kuɗi yana ganin hakan shaida ce, amma a al'adar da ta ɗauki rufin asiri da muhimmanci, hoton yana korar magidancin da ya fi kowa buƙata, wanda zai gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layi.

Misalin da ya nuna cewa ana iya haɗa tsari da amana shi ne makarantar da lauya Zannah Mustapha ya kafa a Maiduguri a 2007 da yara 36. Ta karɓi marayun ɓangarorin biyu na rikicin Boko Haram, tana ba su karatu da abinci da magani kyauta, ta kuma jawo iyayensu mata cikin harkar. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nansen a 2017. Makarantar ta yi tasiri ne saboda ta riƙe yaro shekara da shekaru, kuma mai ita sananne ne a garin.

7.0 Sakamakon Nazari da Shawarwari

Nazarin ya fito da abubuwa uku. Na farko, ma'aunin buƙata a wurin Bahaushe shi ne gata, don haka ƙidayar da ta tsaya ga tambayar inda mutum yake kwana ba za ta kama hoton gaskiya ba. Na biyu, tsohon tsari yana da dangantaka amma ƙarfinsa ya ragu, sabon tsari kuma yana da kuɗi da rajista amma bai cika ɗorewa da mutum ɗaya ba. Na uku, kuskuren suna yana haifar da kuskuren magani.

Bisa haka ana ba da waɗannan shawarwari. Takardun tantance mabuƙata a rubuta su da Hausa tun asali, su kuma ƙunshi tambayar wanda yake tsaya wa mutum idan ya yi rashin lafiya. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, wadda aka kafa da dokar 2023, ta yi aiki ta hannun alarammomi da iyaye, ta kuma bambanta ɗalibin tsangaya da yaron da ya rabu da kowa. Masu hali su karkata wakafi zuwa shaguna da gidajen haya waɗanda kuɗinsu zai riƙa biyan haya da magani ga iyalai masu rauni duk shekara. A samar da makwancin dare mai tsafta da tsaro kusa da manyan tashoshi da kasuwanni, tare da shugabannin 'yan dako da na direbobi. Ƙungiyoyi su riƙa bayyana kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe shi da Hausa, a masallatai da gidajen rediyo, su kuma daina nuna fuskar mai karɓa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi taimakon marasa galihu daga zauren mai hali zuwa ofishin ƙungiya, ta nuna cewa kalmomin Hausa na bayarwa da na buƙata suna ɗauke da rabe-raben da aikin jinƙai na yau yake buƙata. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai aiki a gaban sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu: tattara kalmomin da 'yan dako da zawarawa da gardawa suke bayyana halinsu da su, da nazarin yadda ake fassara takardun ƙungiyoyi, da rubuta tarihin sarautun naƙasassu tun masu riƙe da shi suna raye. Idan manazarta Hausa ba su yi wannan aiki ba, za a ci gaba da tsara wa mabuƙatan biranenmu magani da sunayen da aka aro daga wasu wurare, kamar yadda aka yi wa almajirai a 2020.